Shaho da kurciya: taurin kai da sassauci a siyasar waje ta zamanin Yaƙin Cacar Baka

Daga shekarar 1947 zuwa 1991, Amurka da Tarayyar Sobiyet, wato URSS, sun yi zaman doya da manja ba tare da ɗaya ta shelanta yaƙi a kan ɗaya ba. Wannan zamani shi ake kira Yaƙin Cacar Baka. Baya ga takun saƙar da ke tsakanin ƙasashen biyu, akwai wata gardama da ta yi ta ci a cikin kowace gwamnati, a Washinton da Masko: yaya ake bi da abokin gaba mai riƙe da bam ɗin nukiliya? Wasu sun ce a tsaya masa tsayin daka, a tara makamai, a nuna masa ba a tsoron yaƙi. Wasu sun ce a zauna da shi, a ba shi wani abu a karɓi wani abu, tun kafin kuskure ɗaya ya hallaka kowa. Sau da yawa makomar duniya ta rataya a kan ɓangaren da shugaba ya saurara.

Su wane ne shaho, su wane ne kurciya

A Amurka ana kiran masu ra'ayin farko shahuna, na biyu kuma kurciyoyi. Laƙabin ya bazu ne bayan wata maƙala da ƴan jarida biyu, Stewart Alsop da Charles Bartlett, suka buga a watan Disamba na 1962 a kan rikicin Kuba.

Shaho yana ganin abokin gaba mai haɗama ne, wanda in aka ba shi taki zai nemi kamu. A wurinsa ƙarfin soja da barazanar da kowa ya yarda za a cika ta su ne ke hana yaƙi. Kurciya tana ganin abokin gaba shi ma a tsorace yake, kuma duk makamin da aka ƙera don kare kai, shi a idonsa shirin kai masa hari ne. Sai ya ƙera nasa, a ƙara, ya ƙara, har a kai inda ba wanda ya yi niyyar zuwa. Masanin siyasar duniya Robert Jervis ya fayyace waɗannan mahanga biyu a littafinsa na 1976, inda ya nuna cewa kowacce tana iya zama daidai: abin ya danganta da ainihin niyyar abokin gaba, ita kuwa niyya ba a ganinta a hoton jirgin leƙen asiri.

Kowane ɓangare yana da tarihin da yake kafa hujja da shi. Shahuna suna tuna taron Munik na watan Satumba 1938, inda firaministan Ingila Neville Chamberlain da takwaransa na Faransa Édouard Daladier suka bar wa Hitler wani yanki na Cekoslobakiya don a zauna lafiya. Ba a yi wata 6 ba Hitler ya shiga birnin Prag, a ranar 1 ga Satumba 1939 kuma ya far wa Polan. Tun daga nan "Munik" ya zama zagi ga duk wanda ya kawo shawarar sulhu. Kurciyoyi kuwa suna tuna shekarar 1914, lokacin da manyan daulolin Turai suka yi ta yi wa juna barazana, kowa yana jin kunyar ja da baya, har kisan yarima ɗaya a Sarayebo ya zama Yaƙin Duniya na Farko.

Shekarun farko, 1946 zuwa 1953

A watan Fabrairu 1946 wani jami'in ofishin jakadancin Amurka a Masko, George Kennan, ya aika wa gwamnatinsa wata doguwar waya. Ya ce ba za a iya lallashin gwamnatin Staline ba, amma tana ja da baya in ta ci karo da ƙarfi. Shawararsa ita ce a yi wa URSS shinge, a hana ta faɗaɗa, a yi haƙuri har tsarin ya lalace daga ciki. Ministan kasuwanci Henry Wallace, wanda ya taɓa zama mataimakin shugaban ƙasa, ya fito fili a watan Satumba na wannan shekara ya ce matsa wa Rasha lamba zai ƙara mata taurin kai. Shugaba Harry Truman ya sallame shi bayan ƴan kwanaki.

A watan Maris 1947 Truman ya nemi majalisa ta ba da dala miliyan 400 don tallafa wa Girka da Turkiyya, daga bisani shirin Marshall ya zuba kusan dala miliyar 13 a Yammacin Turai. Gwaji na farko ya zo a watan Yuni 1948, da Staline ya toshe duk hanyoyin ƙasa da ke shiga Yammacin Barlin. Janar Lucius Clay ya so a tura ayarin motoci da rakiyar soja a fasa shingen. Truman ya zaɓi a riƙa kai abinci da gawayin ƙasa ta jiragen sama. An yi jigilar fiye da tan miliyan 2, kuma a watan Mayu 1949 Staline ya buɗe hanya. Ba a bar garin ba, ba a kuma harba harsashi ba.

Shekarar 1949 ta ƙara wa shahuna ƙarfi. An kafa ƙungiyar tsaro ta OTAN a watan Afrilu, URSS ta gwada bam ɗinta na farko a Agusta, ƴan kwaminisanci suka karɓi mulkin Sin a Oktoba. Paul Nitze, wanda ya gaji kujerar Kennan a ma'aikatar harkokin waje, ya jagoranci rubuta wata takarda mai suna NSC-68 da ta nemi a tara makamai ba ƙaƙƙautawa. Shi kansa Kennan bai yarda da hakan ba, don shingen da yake nufi na siyasa da tattalin arziki ne kafin na soja. Da Koriya ta Arewa ta mamaye ta Kudu a watan Yuni 1950, gardama ta ƙare: kasafin tsaron Amurka ya ninka sau uku.

Yaƙin Koriya ya nuna iyakar zafin kai. Bayan an kori sojojin Arewa daga Kudu, Janar Douglas MacArthur ya bi su har kusa da iyakar Sin, duk da gargaɗin Bejin. Sin ta turo dubban ɗaruruwan sojoji. MacArthur ya nemi a faɗaɗa yaƙin zuwa cikin ƙasar Sin, Truman ya ƙi, ya tuɓe shi a watan Afrilu 1951. An tsagaita wuta a Yuli 1953 kusan a kan layin da aka fara, bayan mutuwar miliyoyin mutane.

Wasa a bakin rami

Ministan harkokin wajen shugaba Eisenhower, John Foster Dulles, ya ga shinge kaɗai bai isa ba. Ya yi maganar ƴantar da ƙasashen Gabashin Turai, ya kuma ce gwanintar siyasa ita ce a iya zuwa har bakin yaƙi ba tare da an faɗa ba. Amma da mutanen Hongari suka yi bore a watan Oktoba 1956, tankokin URSS suka murƙushe su, Amurka ba ta tura ko soja ɗaya ba. An kashe ƴan ƙasar wajen 2,500, kimanin 200,000 suka yi gudun hijira.

A Masko ma akwai ɓangarori biyu. Bayan mutuwar Staline a Maris 1953, Nikita Khrouchtchev ya amince a janye sojoji daga Ostiriya a 1955, ya kuma shaida wa babban taron jam'iyya na Fabrairu 1956 cewa yaƙi da ƙasashen jari-hujja ba dole ba ne, ana iya zama tare a yi gasa cikin lumana. Tsofaffin na hannun daman Staline irin su Molotov ba su ji daɗi ba, Mao Zedong na Sin kuma ya zarge shi da sayar da aƙida. Sai dai Khrouchtchev mutum ne mai baki biyu: yana kiran sulhu, yana kuma kurarin cewa masana'antunsa na fitar da makamai masu linzami babu adadi, alhali kaɗan yake da su. Kurarin ya tsorata Amurka ta ƙera da yawa. Ziyarar da ya kai Amurka a Satumba 1959 ta kawo ɗan sanyi, amma harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2 a sararin URSS ranar 1 ga Mayu 1960 ya rusa taron ƙolin da aka shirya a Paris.

Kwana 13 na Kuba

Babu inda aka ga ra'ayoyin biyu ƙiri da muzu kamar a watan Oktoba 1962. A shekarar da ta gabata Amurka ta ɗauki nauyin ƴan adawar Kuba da suka kai hari don kifar da Fidel Castro, harin ya ci tura. Kazalika ta girke makamai masu linzami samfurin Jupiter guda 30 a Italiya da 15 a Turkiyya, maƙwabciyar URSS. Makaman nukiliyar Amurka sun ninka na Sobiyet sau da yawa. Khrouchtchev ya yanke shawarar kai nasa makaman tsibirin Kuba a ɓoye, kilomita wajen 150 daga gaɓar jihar Florida, don ya kare Castro ya kuma rage wannan rata.

Ranar 14 ga Oktoba jirgin U-2 ya ɗauko hotunan wuraren da ake ginawa. Ranar 16 aka kai wa shugaba John Kennedy, ya tara manyan mashawartansa suka shiga ganawar sirri. A kwanakin farko mafi yawansu, har da shi kansa, sun karkata ga kai harin sama. Manyan hafsoshin soja sun so a yi ruwan bama-bamai sannan a mamaye tsibirin. Babban hafsan sojan sama, Janar Curtis LeMay, ya faɗa wa Kennedy ido da ido cewa tsayawa ga killace tsibirin bai da maraba da abin da aka yi a Munik. A ɗaya gefen, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, Adlai Stevenson, ya kawo shawarar a yi musanya: a janye makaman Turkiyya, a ma duba batun sansanin Guwantanamo. Aka yi masa ca a ɗakin, daga baya jaridu suka kira shi matsoraci.

Kennedy ya bi tsakiya. A jawabinsa na 22 ga Oktoba ya sanar da killace Kuba ta teku don hana shigar da makamai, ya kuma yi gargaɗin cewa duk makamin da aka harbo daga Kuba za a ɗauke shi harin URSS ne, za a rama a kanta. Dalilinsa na ƙin harin sama shi ne sojojinsa ba su iya tabbatar masa za su lalata dukan makaman a tashi ɗaya ba, kuma yana tsoron Khrouchtchev ya rama a Barlin. Killacewar ta bar wa kowa lokacin tunani. A nan Afirka ta Yamma ta taka rawa: Gini ta Sékou Touré da Senegal ta Léopold Sédar Senghor sun ƙi barin jiragen saman Sobiyet masu zuwa Kuba su sauka su sha mai a Konakiri da Dakar.

Khrouchtchev shi ma yana da shahunansa. Ranar 26 ga Oktoba Castro ya rubuto masa cewa in Amurka ta mamaye Kuba, kada URSS ta bari a riga ta harba makamin nukiliya. Wasiƙar ta girgiza shi. A ranar ya aika wa Kennedy doguwar wasiƙa mai taushi: zai janye makaman in Amurka ta yi alkawarin ba za ta mamaye Kuba ba. Washegari wata ta biyu ta fito ta rediyo, ta ƙara sharaɗin makaman Turkiyya.

Ranar Asabar 27 ga wata ita ce mafi haɗari. Sojojin Sobiyet da ke Kuba sun harbo jirgin U-2 ba da umarnin Masko ba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Tun farko an tsara cewa in hakan ta faru za a rama, amma Kennedy ya hana. A teku, jiragen yaƙin Amurka sun yi ta jefa ƙananan bama-baman gargaɗi a kan wani jirgin Sobiyet mai tafiya ƙarƙashin ruwa, B-59, don su tilasta masa fitowa, ba su san yana ɗauke da makamin nukiliya ba. Bisa shaidar wani jami'in da ke cikin jirgin, wadda ta fito fili a 2002, kyaftin ɗin ya zaci yaƙi ya ɓarke har ya so a harba, wani babban hafsa mai suna Vassili Arkhipov ya taushe shi.

A daren ne ƙanin shugaban, Robert Kennedy, ya gana da jakadan Sobiyet Anatoli Dobrynine. A fili Amurka ta amince da sharaɗin wasiƙar farko. A ɓoye ta yi alkawarin kwashe makaman Turkiyya cikin wata 4 zuwa 5, da sharaɗin kada a faɗa wa kowa. Safiyar 28 ga Oktoba gidan rediyon Masko ya sanar da janyewa. An kwashe makaman Jupiter a watan Afrilu 1963.

Sai bayan shekara 30, a wani taro da aka yi a Habana a 1992, tsofaffin jami'an Amurka suka ji cewa sojojin Sobiyet da ke Kuba a lokacin, waɗanda suka haura 40,000, ninki huɗu na abin da aka ƙiyasta, suna da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga. Da an bi shawarar mamayewa, da waɗannan makamai sojojin Amurka za su tarar a bakin teku.

Sirrin makaman Turkiyya ya bar baya da ƙura. Tun da ba a san an yi musanya ba, jama'a suka ɗauka zare ido kaɗai ya kori Khrouchtchev. Wasu masana tarihi na ganin wannan gurguwar fahimta ta taimaka wajen jefa Amurka cikin yaƙin Biyatnam, inda shugaba Lyndon Johnson ya yi watsi da gargaɗin mataimakin ministan harkokin waje George Ball. Sojojin Amurka a can sun haura 500,000 a 1968, fiye da 58,000 suka mutu, ban da miliyoyin ƴan yankin. A Masko kuma darasin da aka ɗauka shi ne kada a sake shiga irin wannan hali da ƙarancin makamai. An tuɓe Khrouchtchev a Oktoba 1964, magajinsa Leonid Brejnev ya dage da ƙera makamai har URSS ta kamo Amurka wajen 1970.

Zamanin sassautawa

Tsoron da aka ji a 1962 ya haifi yarjejeniyoyi. A Yuni 1963 aka amince a kafa layin sadarwa kai tsaye tsakanin Washinton da Masko, a Agusta aka hana gwajin nukiliya a sama da cikin ruwa, a 1968 aka sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya. Sunan da aka ba wannan siyasa kalmar Faransanci ce, détente, wato sassauta abin da aka ɗame. Janar de Gaulle na cikin waɗanda suka fara ta: a 1966 ya fitar da Faransa daga rundunar haɗin gwiwa ta OTAN, ya kuma ziyarci Masko. A 1967 OTAN ta amince da rahoton ministan harkokin wajen Beljiyam, Pierre Harmel, wanda ya ce ƙungiyar na da aiki biyu, tsaro da tattaunawa. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya sa hannu kan yarjejeniyoyi da URSS da Polan a 1970, inda ya amince da iyakokin da yaƙi ya bari. Ƴan adawarsa sun ce ya sayar da ƙasa.

Wanda ya kai sassaucin ƙololuwa shi ne Richard Nixon, mutumin da ya yi suna da ƙin kwaminisanci. Wannan suna ne ma ya ba shi kariya, don ba wanda zai iya kiransa matsoraci. Shi da mashawarcinsa Henry Kissinger sun ci gajiyar ɓarakar da ke tsakanin Sin da URSS, waɗanda har sun yi artabu a kan iyaka a 1969. Nixon ya je Bejin a Fabrairu 1972, ya je Masko a Mayu, inda shi da Brejnev suka sa hannu kan yarjejeniyar SALT ta farko da ta taƙaita yawan manyan makamai masu linzami, da ta ABM da ta taƙaita garkuwar kakkaɓo su. Hikimar ABM ita ce in ba wanda ke da garkuwa, ba wanda zai yi gigin fara harbi.

A Agusta 1975 ƙasashe 35 suka sa hannu kan takardar Helsinki. Brejnev ya samu amincewa da iyakokin Turai, ya kuma yarda da wani sashe a kan haƙƙin ɗan Adam da bai ɗauka da muhimmanci ba. Shahunan Amurka irin su sanata Henry Jackson sun ce an yi kyauta ba tukuici. Amma da wannan sashe ne masu fafutika a Masko da Prag da Warso suka riƙa ƙalubalantar gwamnatocinsu.

Inda sassaucin bai kai ba

Sulhun ya tsaya a Turai da batun nukiliya. A sauran duniya gasar ta ci gaba da jinin wasu. Tun a 1960 Patrice Lumumba na Kongo ya nemi taimakon URSS, lamarin da ya sa Washinton ta ɗauke shi abokin gaba, aka kashe shi a Janairu 1961. A Angola, da Fotugal ta fice a 1975, URSS da Kuba suka mara wa MPLA baya, Amurka da Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata suka tallafa wa abokan hamayyarta. Yaƙin bai ƙare ba sai 2002. A yaƙin Ogaden na 1977 zuwa 1978, Masko ta juya wa Somaliya baya ta koma bayan Habasha, dubban sojojin Kuba suka shiga fagen daga.

Kowane ɓangare na ganin ɗayan ne ya ci amana. Masko na nuni da juyin mulkin Cile na 1973 da yadda Kissinger ya janye Masar daga hannunta. A gwamnatin Jimmy Carter, ministan harkokin waje Cyrus Vance ya so a raba batun Afirka da na nukiliya, mashawarcin tsaro Zbigniew Brzezinski ya ce ba za su rabu ba. An sa hannu kan SALT ta biyu a Yuni 1979, amma a Disamba URSS ta shiga Afganistan, duk da cewa babban hafsan sojojinta Nikolai Ogarkov bai goyi bayan hakan ba. Carter ya dakatar da yarjejeniyar a majalisar dattawa, ya taƙaita sayar wa URSS hatsi, ya kuma yi kiran a ƙaurace wa wasannin Olimpik na Masko na 1980. Nijar na cikin ƙasashe fiye da 60 da ba su je ba.

Daga 1983 zuwa 1987

Ronald Reagan ya hau mulki a 1981 yana cewa sassauci ya amfani ɓangare ɗaya ne kawai. Ya ƙara kasafin soja sosai, ya tallafa wa mayaƙan Afganistan da na Nikaraguwa. A Maris 1983 ya kira URSS daular sharri, ya kuma sanar da shirin garkuwa a sararin samaniya. Ranar 1 ga Satumba jirgin yaƙin Sobiyet ya harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya ɓace hanya, mutum 269 suka mutu. Ranar 26 ga wata na'urorin gargaɗin Sobiyet suka nuna Amurka ta harbo makamai 5. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislas Petrov, ya kai rahoton cewa kuskuren na'ura ne, kuma haka ne. A Nuwamba OTAN ta yi atisayen da ya kwaikwayi shiga yaƙin nukiliya, wasu rundunonin Sobiyet suka shiga shirin ko-ta-kwana. Har yau masana na gardama a kan girman haɗarin da aka shiga. A ƙarshen watan aka fara girke makaman Pershing II a Jamus ta Yamma don mayar da martani ga SS-20 na Sobiyet, Masko ta fice daga teburin shawara.

Reagan ya rubuta daga baya cewa ya yi mamakin gano shugabannin Sobiyet da gaske suke tsoron Amurka za ta fara kai musu hari. A Janairu 1984 ya yi jawabin neman tattaunawa, ya fara fifita shawarar ministan harkokin waje George Shultz a kan ta ministan tsaro Caspar Weinberger. A Maris 1985 Mikhail Gorbatchev ya karɓi ragamar URSS, ƙasar da tattalin arzikinta ya tsaya cik, farashin man fetur ɗin da take dogaro da shi kuma ya faɗi a 1986. Haɗarin tashar nukiliya ta Carnobil a Afrilun wannan shekara ya ƙara masa ƙyamar makaman, waɗanda yawansu a duniya ya kai wajen 70,000.

Shugabannin biyu sun gana a Janeba a 1985, sai a Rekyabik a Oktoba 1986, inda suka tattauna kawar da makaman baki ɗaya kafin maganar ta watse a kan garkuwar samaniya. Ranar 8 ga Disamba 1987 suka sa hannu kan yarjejeniyar INF, wadda ta haramta makamai masu linzami na ƙasa masu cin kilomita 500 zuwa 5,500. An lalata 2,692, mafi yawa na Sobiyet, kuma kowane ɓangare ya bar masu binciken ɗayan su shiga sansanoninsa. Wasu tsofaffin magoya bayan Reagan sun kwatanta shi da Chamberlain, amma majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 93 a kan 5.

Gorbatchev ya ci gaba shi kaɗai. A Disamba 1988 ya sanar a zauren ONU cewa zai rage sojoji 500,000. A watan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar janye sojojin Kuba daga Angola, wadda ta kai Namibiya ga ƴanci a 1990. Ya fita daga Afganistan a Fabrairu 1989, kuma da katangar Barlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba bai tura tankoki ba. Shahunan Masko, ciki har da shugaban KGB da ministan tsaro, sun yi yunƙurin kifar da shi a Agusta 1991. Yunƙurin ya ci tura, ya kuma gaggauta rushewar URSS a Disamba.

Wa ya yi gaskiya

Masu goyon bayan taurin kai sun ce matsin lambar Reagan ce ta gajiyar da URSS har ta nemi sulhu, suna nuni da cewa Masko ba ta yarda ta lalata SS-20 ba sai bayan an girke Pershing II. Masu goyon bayan sassauci sun ce matsin ya ƙarfafa masu tsaurin ra'ayi ne a Masko, ya kusa jawo bala'i a 1983, kuma Gorbatchev bai samu damar sauyi ba sai da Reagan ya miƙo hannu. Kennan, wanda ya rayu har 2005, ya ce zafin kan Amurka ya jinkirta sauyin URSS ne. Wasu masana kuma na ganin matsalolin cikin gida na Sobiyet sun fi duk wata siyasar Washinton nauyi.

Akwai abubuwan da takardun da aka buɗe bayan 1991 suka nuna. A Barlin a 1948, da Kuba a 1962, da yarjejeniyar 1987, an haɗa tsayin daka da barin ƙofar fita ga abokin gaba. Hausawa na cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne, amma shugabannin lokacin sun sha ɓoye ja da bayansu don gudun a kira su matsorata a gida. Inda aka bi ƙarfi zalla, kamar Biyatnam ga Amurka da Afganistan ga URSS, an yi asarar rayuka ba a cimma buri ba. Inda aka yi alkawarin da ba za a iya cikawa ba, kamar Hongari, waɗanda suka gaskata shi ne suka sha wuya. Kuma a lokutan da aka fi kusantar yaƙin nukiliya, shugabannin ba su san rabin abin da ke faruwa a ƙarƙashinsu ba.

Yawancin yarjejeniyoyin wancan zamani sun rushe. Amurka ta fice daga ABM a 2002, ta fice daga INF a Agusta 2019 bisa zargin Rasha da karya ta, zargin da Masko ta musanta. Yarjejeniyar da Barack Obama da Dmitri Medvedev suka sa wa hannu a Prag a 2010, wadda ta taƙaita manyan makaman da aka girke zuwa 1,550 ga kowace ƙasa, Rasha ta dakatar da aiki da ita a Fabrairu 2023. Ƙasashen biyu na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na makaman nukiliyar duniya, Sin kuma na ƙara nata. Layin sadarwar da aka kafa a 1963 yana nan, an sauya masa na'urori sau da dama.